Neman shawarar ƙwararru ta waya: abin da za ka tarar da abin da ba za ka samu ba

Duk mai riƙe da wayar da ke hawa intanet ya ci karo da irin tallan nan a Facebook ko TikTok ko a zaurukan WhatsApp: in damuwa ta yi maka yawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko aure ya ƙi daɗi, ga ƙwararre nan zai saurare ka kana cikin ɗakinka, ba sai ka taka zuwa asibiti ba. Abin ya yi ƙarfi ne tun 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle Accra da Kumasi na makonni uku, likitoci da masu ba da shawara suka koma ganin mutane ta kiran waya da na bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya. Cutar ta lafa, amma hanyar da ta buɗe tana nan.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Hanya ce mai amfani, kuma mu mutanen zango muna cikin waɗanda suka fi buƙatarta. Sai dai amfaninta ya rataya a kan abu uku: wane ne ke ɗaya ɓangaren, mene ne ainihin abin da ke damunka, da irin aikin da kai kanka ka shirya yi. Wanda ya shiga bai san waɗannan ba, ko dai ya fito yana cewa surutu kawai aka yi masa aka ci kuɗinsa, ko ya faɗa hannun macucin da zai riƙe sirrinsa yana tatsarsa.

Me ya sa na ce mun fi buƙata? Mu faɗa wa juna gaskiya. A Nima ko Aboabo ko Sabon Zango, sunan Pantang ya zama abin tsokana. Yara ma in suna faɗa sai ka ji an ce wane kam sai Pantang. In aka ga budurwa ta fito daga sashen ƙwaƙwalwa na asibiti, kafin la'asar labari ya kai gidan saurayinta, kuma ranar binciken aure sai an tono shi. Magidancin da bashi ya hana shi barci wata uku ya gwammace ya ce hawan jini ne, don hawan jini ciwon manya ne, ba a yi wa mai shi dariya. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar gaskiya ce a muhallinta, amma mun miƙa ta har ta kai mutum yana haɗiye abin da ke cin sa.

Ga kuma nisa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar nan: na Accra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975. Dukansu a kudu suke. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye da asibitin koyarwa na Tamale, akwai kuma nas-nas na wannan fanni a asibitocin gundumomi da dama. Amma masanan da ke zama da mutum su yi masa jinya ta hanyar tattaunawa ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan birane suke. Matar da ke Bawku ko Salaga, mai goyo da kasuwa da miji, ba ta da halin hawa mota duk mako. Haka 'yan uwanmu da ke ci-rani a Italiya ko Jamus, da 'yan matanmu masu aikin gida a ƙasashen Larabawa, waɗanda ba su da mai jin harshensu balle mai jin damuwarsu. Ga irin waɗannan, waya ta rage nisa, ta kuma rufe idon maƙwabta.

Wane ne ke ɗaya ɓangaren?

Nan ne farkon lura. A intanet kowa ƙwararre ne. Mutum zai sa kwat ya ɗauki hoto gaban kantar littattafai, shi ke nan ya zama dakta. Don haka ya kamata mu san bambancin mutanen da ke wannan aiki.

Akwai likitan ƙwaƙwalwa. Shi cikakken likita ne da ya ƙara karatu a wannan fanni, yana binciken ciwo, yana rubuta magani, kuma hukumar likitoci ta ƙasa ce ke yi masa rajista. Akwai masanin halayyar ɗan Adam, wanda aikinsa gwaji ne da jinya ta hanyar tattaunawa. A al'ada ba ya rubuta ƙwaya. Akwai mai ba da shawara, wanda ya samu horo kan abubuwa kamar rikicin aure, rashi, matsalar makaranta da damuwar yau da kullum. Waɗannan biyun na ƙarshe, hukumar da ake kira Ghana Psychology Council ce ke ba su lasisi, bisa wata doka ta 2013. Bayan su kuma akwai masu kiran kansu koci ko mai zaburarwa. Wasu suna da kirki da fasahar magana, amma wannan suna kaɗai ba shaidar horo ba ne.

Ni malamin makaranta ne, kuma a kwalejin horon malamai an koya mana darasin jagoranci da ba da shawara. Darasin ya koya min in gane yaron da ya sauya, in saurare shi, in san lokacin da zan kira iyaye ko in miƙa shi gaba. Bai mai da ni mai jinyar ƙwaƙwalwa ba. To in wanda ya zauna a aji ya ci jarrabawa yana da iyaka, ina ga wanda ya kalli bidiyo goma a YouTube ya buɗe shafi?

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka tambaya: mene ne cikakken sunanka, me ka karanta, wace hukuma ce ta ba ka lasisi, mene ne lambarsa? Sannan ka tuntuɓi hukumar ka tabbatar. Ƙwararre na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya, ya ma saba da ita. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce ba ka yarda da shi ba ne, to ya ba ka amsa ke nan.

Ka kuma tambayi inda yake zaune. Manyan kamfanonin waje da ke talla a waya suna haɗa mutum da masana da ke Amurka ko Ingila, da dala ake biya, kuma sau da yawa rajista ce da ke cire kuɗi da kanta duk wata har sai ka soke. Ko da mutumin gwani ne, bai san mene ne gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da banɗaki ɗaya ba, kuma in abu ya ɓaci da tsakar dare bai san asibitin da ke kusa da kai ba. Wanda ke cikin ƙasa ya fi sauƙin bincike, ya fi sauƙin kai ƙara.

Yadda zaman yake

Mutane da yawa suna shiga zaman farko da tsammanin za su fito da magani a hannu. Ba haka abin yake ba. Zaman farko na tambayoyi ne. Za a tambaye ka yaushe abin ya fara, yaya barcinka, yaya cin abincinka, wane magani kake sha, kana shan wani abu mai sa maye ko a'a, akwai mai irin wannan a danginku, da wa kake zaune. Wataƙila a turo maka 'yar takarda mai tambayoyi ka cike, don a auna nauyin damuwar yau, a kuma sake aunawa bayan makonni. Za a kuma tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin kashe kanka. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin fuska ko zargin raunin imani. Kowa ake yi wa, kamar yadda ake auna jinin duk wanda ya shiga asibiti. Yin tambayar ba ya sa wa mutum tunanin. Abin da yake yi shi ne ba wanda ke ɗauke da shi damar sauke shi.

A wannan zama kuma za a nemi sanin inda kake da lambar wani naka da za a kira in hali ya yi tsanani. A faɗa maka kuɗin kowane zama, da abin da zai faru in sabis ya yanke ko wuta ta ɗauke a tsakiyar magana. In bai faɗa ba, kai ka tambaya. Yawanci zama yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Ba dole sai bidiyo ba. Kiran murya ma yana aiki, bai cin data sosai, kuma wasu sun fi sakewa in ba a ganin fuskarsu. Hira ta rubutaccen saƙo ita ce mafi rauni a cikinsu, don ba a jin rawar murya, ba a ganin hawaye, kuma amsa takan yi jinkiri.

Daga zama na biyu aiki ke farawa, kuma mafi yawansa kai za ka yi. Hanyar da aka fi amfani da ita ta intanet ita ce wadda ake kira CBT, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Tushenta mai sauƙi ne: abin da mutum ke faɗa wa kansa, da yadda yake ji, da abin da yake aikatawa, suna jan juna kamar sarƙa. A ce ɗan kasuwa ne gobara ta cinye masa shago. Tun daga ranar ya daina fita, yana cewa a ransa, ni kam na gama, kowa dariya yake min. Zaman ɗakin yana ƙara masa baƙin ciki, baƙin cikin yana ƙara tabbatar masa cewa ya gama. Mai jinyar ba zai ce masa ya yi haƙuri kawai ba, don wannan ya ji shi sau ɗari. Zai ce: wa ka gani yana dariya? Wa ya zo jaje? Rubuta su. Sannan su tsara ƙananan matakai tare: gobe ka fita sallar asuba a masallacin unguwa, jibi ka leƙa kasuwa na minti goma, ka dawo ka faɗa min abin da ya faru da abin da ka yi tsammanin zai faru. Mako mai zuwa a duba, a ƙara mataki. Irin wannan jinya takan ɗauki kamar zama 6 zuwa 20, gwargwadon nauyin matsalar.

Bincike da dama ya nuna cewa ga ciwon damuwa da fargaba marasa tsanani, wannan hanya ta bidiyo ko ta waya tana ba da sakamako kusa da na zama ido da ido, in akwai ƙwararre da ke bibiya. Sharaɗin nan na ƙarshe fa shi ne ginshiƙin. Manhajojin da ake barin mutum shi kaɗai da su, yawancin mutane sukan watsar da su kafin su kai ƙarshe.

Abu uku kuma kada su ba ka mamaki. Na farko, ba zai yanke maka hukunci ba. Matar da ta shiga tana jiran a ce mata ki fita ko ki zauna za ta ga ana mayar mata da tambaya. Ba rowar shawara ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin masanin shi ne ya riƙe miki fitila ki ga yoyon da kyau. Na biyu, makonnin farko suna iya yin nauyi, don an taɓa mikin da aka daɗe da rufewa. Na uku, jininku na iya ƙin haɗuwa. In bayan zama uku ko huɗu ba ka jin ana fahimtarka, kana da 'yancin faɗa, kana da 'yancin canja wani. Mace kuma tana da 'yancin cewa mace take so, ba sai ta ba da dalili ba.

Maganar sirri

Abin da ya ja mu zuwa waya shi ne sirri, kuma nan ne waya ta fi saurin cin amana. Ƙwararre mai lasisi yana ƙarƙashin ƙa'idar riƙe sirri, amma tana da iyaka, kuma ya kamata ya faɗa maka tun ranar farko: in ya ga ranka ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cin zarafin yaro, zai iya sanar da wanda ya dace. Wannan iyaka ce ta kare rai, ba ta gulma ba.

Matsalar ta fi yawa daga ɓangarenmu. Nawa ne a cikinmu ke da ɗakin da za su rufe su yi magana awa ɗaya ba mai ji? Katangar gidan haya ba ta riƙe magana. Waya ɗaya ce uwa da 'ya'ya ke amfani da ita, wani gidan kuma miji ne ke duba wayar matarsa duk dare. To sai an yi dabara: a zaɓi lokacin da yara ke makaranta, a sa abin sauraro a kunne, a sa wa waya makulli, a goge abin da ya kamata a goge, a kuma roƙi masanin kada ya kira ko ya turo saƙo sai a lokacin da aka yi alkawari. Wanda gidansa bai ba da hali ba, ya nemi ɗakin wani amintacce.

Sai kamfanonin kansu. A watan Maris na 2023, hukumar kare masu saye ta gwamnatin Amurka ta zargi BetterHelp, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan harka, da miƙa bayanan masu neman taimako ga Facebook da Snapchat da wasu don talla, bayan ya yi musu alkawarin sirri. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 7.8. In haka ta faru a inda ake sa ido sosai, ai sai mu ƙara kula. Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2012 da hukumar da ke kula da ita, kuma kana da haƙƙin tambaya: ana naɗar zaman nan? Ina ake ajiye abin da na faɗa? Wa ke iya gani? In ka ga an ce kyauta ne kuma ba gwamnati ko wata sananniyar ƙungiya ce ke ɗaukar nauyi ba, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alamomin macuci kuwa ba sa ɓuya ga mai lura. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ko ya ce ka daina maganin da likita ya rubuta, ko ya fara tallata maka wani haɗi nasa, ko ya nemi lambar sirrin MoMo ɗinka, ka kashe waya. 'Yan mata musamman: wanda ya nemi hoton jikinki da sunan bincike, ko ya fara kiranki da dare yana yabon muryarki, ko ya ce ku haɗu a otal, wannan ba jinya yake yi ba. Ki ajiye saƙonnin, ki kai ƙara. Haka wanda ke ɗora labaran mutanen da suka zo wurinsa a TikTok yana neman mabiya. Gobe naki ne zai hau.

Yaran makaranta yanzu wasunsu ChatGPT da makamantansa suke kai wa kuka. Na fahimci dalili: ba ya gajiya, ba ya tsegumi, ba ya neman kuɗin zama. Zai iya taimaka wa mutum ya tsara tunaninsa ko ya san sunan abin da ke damunsa. Amma ba shi da lasisi, yana iya kuskure da cikakkiyar gadara, kuma ba zai ɗaga waya ya kira yayanka ba ranar da ka shiga haɗari. Iyaye, in kun ga haka kada ku fara da ƙwace waya. Ku fara da tambayar me ya hana yaron kawo muku kukan.

Inda waya ba ta isa ba

Akwai halin da bai jiran ranar zama. Wanda ke shirin kashe kansa ko ya riga ya gwada. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya tabbata ana bin sa za a kashe shi. Wanda ya yi kwanaki ba barci, yana surutu ba tsayawa, yana rabar da dukiyarsa. Mai jegon da ta rikice bayan haihuwa har ana tsoron bar mata jariri. Duk waɗannan asibiti ake kai su, a ranar, kuma kada a bar su su kaɗai. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. A sani kuma cewa a watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta gyara dokar laifuka ta 1960, ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Da can iyalai kan ɓoye irin wannan don tsoron 'yan sanda. Yanzu wannan dalili ya kau.

Haka matasanmu da tramol ko giya ta kama. Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki, zai iya shiga mawuyacin hali, wani har da jijjiga. Likita ne zai tsara yadda za a rage. Tattaunawa ta waya tana da amfani bayan nan, don riƙe shi kada ya koma. Matar da ake duka kuma, abin da take buƙata da farko shi ne tsira, kuma rundunar 'yan sanda tana da sashe na musamman, DOVVSU, don irin wannan.

Wani abin da waya ba ta iya yi shi ne gwajin jini. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo kasala, bugun zuciya da rashin barci, su yi kama da ciwon damuwa. Masani na gari zai ce ka je a duba jikinka. In kuma ya ga abin ya fi ƙarfin magana, zai tura ka wurin likita. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a yanke shi kwatsam. Tun ƙarshen 2024 an sa wasu manyan cututtukan ƙwaƙwalwa, har da ciwon damuwa da fargaba, cikin inshorar lafiya ta ƙasa, don haka mai kati ya tambaya a asibitin gwamnati kafin ya ce ba shi da hali.

Addini da harshe

Tambayar da na fi ji daga iyaye ita ce: wannan abu ba na Turawa ba ne? Ba zai raba yaro da addu'a ba? Tarihinmu ya amsa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan kula da lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya kuma yi bayanin yadda ake gyara gurɓataccen tunani da ingantaccen tunani, da amfanin samun wani daga waje ya yi wa mutum magana. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen rai na littafin zuwa Turanci a 2013. Ke nan tun shekaru fiye da dubu malamanmu suka ɗauki damuwa a matsayin ciwo mai magani.

Masani na gari ba zai ce ka bar sallah ko addu'a ba; in su ne ƙarfinka, da su zai yi aiki. Kana da haƙƙin faɗa masa tun farko cewa addininka na da muhimmanci a wurinka, ka ga yadda zai karɓa. In ya raina, ka bar shi. Amma mu ma mu yi adalci. Ba duk wanda ya rikice ba ne aljanu suka taɓa, kuma ba duk mai baƙin ciki ba ne imaninsa ya yi rauni. Mai ciwon sukari yana addu'a yana shan magani, ba wanda ya zarge shi. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa da sunan magani, ko a wane wuri ne, zalunci ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta tanadi kare haƙƙin irin waɗannan bayin Allah.

Babban gibin da nake gani shi ne harshe. Mu ba ma cewa muna da ciwo kaza. Cewa muke zuciyata na zafi, kaina ya yi nauyi, tunani ya yi min yawa, jikina ya mutu. Tsohuwar da za ta faɗi haka da Hausa, in aka ce ta faɗa da Turanci ko Twi, rabin maganar ya zube a hanya. In kuma aka sa ɗanta ya yi tafinta, sirri ya tafi. Zimbabwe ta nuna ana iya cike wannan giɓi. Wani likitan ƙwaƙwalwa a can, Dixon Chibanda, ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron mutane da harshen Shona, suna bin tsararrun matakai na warware matsala. Kalmar da suke kiran ciwon da ita ma'anarta yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna hanyar tana aiki, kuma daga baya sun ƙara da yin ta ta waya. Darasin shi ne horo da sa ido, tare da harshen da mutum ke kuka da shi.

Don haka kirana uku ne. Ga Ghana Psychology Council da Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa: a sauƙaƙa wa talaka hanyar tabbatar da lasisi ta waya, a kuma nuna harsunan da kowane masani ke ji, don mai neman Hausa ko Dagbani ya san inda zai dosa. Ga limamai da sarakunan zango: ku ne mutane ke fara kawo wa kuka, to ku san alamomin da ke buƙatar asibiti, ku riƙe lambar nas ɗin ƙwaƙwalwa na gundumarku, ku kuma ɗauki wannan batu a huɗuba yadda kuka ɗauki batun tramol. Ga iyaye da mu malamai: mu ƙarfafa wa yaranmu masu son wannan fanni su karanta shi. Muna tura su aikin nas da koyarwa da lauya. Muna kuma buƙatar waɗanda za su saurari iyayenmu mata da Hausa.

Kai kuma da ke karanta wannan da dare don barci ya ƙi zuwa, ko ke da kike murmushi a gidan biki ki dawo ɗaki ki yi kuka: in abin ya wuce mako biyu yana hana ki aiki ko ci ko barci, lokacin neman taimako ya yi. Ki tabbatar da lasisi, ki tambayi kuɗi da iyakar sirri, ki nemi wurin da ba mai ji, ki ba abin makonni kafin ki yanke masa hukunci. In kuma rai ne ke cikin haɗari, a ajiye waya a nufi asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na fili da na ɓoye.